Kufan Jirgi a Ƙasan Teku da Tabkin Bayan Gari

Sunan garinmu Maijirgi, amma tun tasowata ban taɓa ganin jirgi a cikinsa ba, na ruwa ko na ƙasa. Na sama kuwa sai dai mu ɗaga kai mu hangi farin zaren da ya bari. Lokacin da nake makarantar horon malamai abokai sun sha tsokanata a kan haka, duk safiya sai wani ya ce, "Mai jirgi, yau ina za ka kai mu?" Garin yana bakin kwaltar da ta fito daga Tasawa ta nufi Damagaram, ƙasar gero da wake ce, kuma in ka ga baƙo ya tsaya da mota yana tambaya, to galibi kaburburan sojojin Faransa nan biyu yake nema, Voulet da Chanoine, waɗanda ajali ya riska a wannan yanki cikin Yulin 1899. Har yau ba wanda ya tsaya ya tambaye mu ina jirgin yake.

Shekarata ashirin da ɗaya ina riƙe da alli, mafi yawansu a ajin ƙarshe na firamare. Kowace shekara sai na zo kan darasin tekuna: in zana taswira a allo, in rubuta Atlantika da Fasifik da sauransu, yara su haddace, su mayar mini a jarrabawa, in ba su maki. Ni kaina sau ɗaya na taɓa ganin teku, a Kwatano. Na tsaya can nesa da takalmana a hannu ina kallon yadda yake tumbatsa, na juyo ko yatsan ƙafata bai jiƙa ba. Ban iya iyo ba. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada mai karatu ya ɗauka gwani ne ke magana.

Cikin watan Maris na bara wani tsohon ɗalibina ya aiko mini da bidiyo ta WhatsApp. Yaron nan a rumfar kara na koya masa karatu, Allah ya yi masa buɗi, yanzu yana jami'a a Brest, can ƙuryar yammacin Faransa inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Ashe ya shiga ƙungiyar ɗalibai masu nutso. Ƙarƙashin bidiyon ya rubuta: "Mushe, ga jirgin da garinmu ya rasa, na samo mana shi." Sai da dare ya raba, rezo ya ɗan saki, sannan abin ya sauka a wayata.

Minti bakwai ne. Da farko ga su a ƙaramin jirgin roba, sama ta yi toka-toka, shi kuma ya shige cikin baƙar rigar roba tun daga kai har idon sawu, in ba don wushiryarsa ba da ban gane shi ba. Kaurin rigar milimita 7, in ji shi, domin sanyin ruwan ranar digiri 12 ne. Ku tuna asubahin tsakiyar hunturu, ranar da yara ke zuwa aji suna rawar ɗari sai mun tara kara mun hura wuta kafin a fara karatu. To irin wannan sanyin ne, amma a ruwa, ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. A bayansa tukunyar iska, a ƙugunsa ɗamarar dalma don kada rigar ta hana shi nitsewa, a ƙafarsa takalma masu faɗi kamar na agwagwa. Iskar da ke cikin tukunyar irin wadda ni da kai muke shaƙa ce, an dai danne ta ne: tukunya mai lita 12 aka cusa wa iska ninki 200, watau lita 2,400. (Na ba yara wannan a lissafi, kusan duka suka ci, abin da ba kasafai nake samu ba.) Na'urar da ke sassauta iskar ta miƙa ta bakin mutum daidai buƙatarsa, Faransawa biyu ne suka haɗa ta a 1943, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, kuma da ita ne yawo a ƙasan teku ya sauƙaƙa ba sai an ɗaure mutum da mesa daga sama ba.

Sai suka faɗa ta baya, hoto ya birkice, sannan komai ya koma kore. Ni da na shekara ashirin ina gaya wa yara teku shuɗi ne! Kore ne irin na ruwan da aka tafasa zogale, da ɗan tsaki-tsaki na yawo a ciki kamar ƙura ranar hazo. Ba ka ganin abin da ya wuce taku biyar ko shida. Ba ka jin komai sai numfashinsa, ya ja, ya saki, kumfa ta tashi. Suna bin igiya suna sauka a hankali, shi da malaminsa da wata ɗaliba, har agogon hannunsa ya nuna mita 12. A nan wani baƙin abu ya fara bayyana, kamar yadda kuka ke fitowa daga cikin hazo in kana tafe da sassafe.

Ƙaramin jirgin dakon kaya ne na ƙarfe, ya daɗe a wurin, rufinsa ya rufta, haƙarƙarinsa ne kawai a tsaye kamar mushen raƙumi. Amma sai ka ƙura ido kafin ka ga ƙarfen. Ta sama, inda haske ke kaiwa, wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa ta kafe, dogaye-dogaye, wasu sun kai tsawon mutum, suna kaɗawa gaba da baya kamar an warware rawuna an shanya. Ba ta da saiwa irin ta shuka, wasu 'yan yatsu gare ta da take damƙe ƙarfe da su. Ta gefe, a inuwa, wasu abubuwa kamar furanni sun lulluɓe bango, farare da jajaye da masu ruwan lemo. In ya haska tocila sai launinsu ya fito, in ya kawar sai su dushe, domin ruwa yana fara haɗiye jan launi tun daga 'yan mitocin farko. Garken kifaye masu ratsi-ratsi na tsaye cik a cikin jirgin, duk sun fuskanci waje ɗaya, kamar tumaki sun fake wa iskar hadari. Cikin wani tsohon bututu ga kan wani kifi mai kama da maciji, kaurinsa kamar cinyar mutum, baki a ɗan buɗe, ya zuba wa mai hoto ido. Ƙarƙashin wani faifan ƙarfe kuma sai ga dogayen gashin baki guda biyu sun leƙo, bayansu manyan hannuwa biyu masu kama da awartaki, shuɗaye.

Washegari na kai wayar wajen mai caji ta cika, na raba ajin rukuni-rukuni, tunda su sittin da takwas ne waya kuma ɗaya. Ban gaya musu sunan komai ba, na ce su raɗa. Mai kama da macijin nan suka ce gaiwa ce ta samu wuri ta ƙoshi. Mai awartakin suka sa masa kunamar ruwa, suka yi ta gardama da na ce Turawa na sayensa da tsada su ci, kuma sai an dafa shi yake komawa ja. Furannin suka ce bado. Da na ce dabbobi ne, kowanne da bakinsa a tsakiya, hannuwan da ke kewaye da bakin kuma harbi suke yi su kama ƙananan halittu, wani yaro ya ce, "Mushe, wannan kam sai dai mu yarda don kai ka faɗa."

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ce ta faɗi abin da ya fi duk bayanin da na shirya. Ta ce, "Mushe, ai wannan kufai ne." Haka ne kuwa. Duk manomi a ƙasar nan ya san inda gari ya tashi nan gero ya fi yin kyau, nan za ka tarar zomo da bushiya sun gaje gidajen mutane. Ƙasan teku a wurare da yawa rairayi ne shimfiɗe, ruwa na share shi dare da rana, ƙwayayen halittu na yawo ba inda za su maƙale. In jirgi ya faɗi a wurin, an samu abu mai tauri na kamawa, an samu lungun ɓuya. Masu maƙalewa su fara zuwa, masu cin su su biyo, masu cin waɗancan su zo su kama ɗaki. Abin da muke yi ke nan in muka watsa rassa a kan faƙo: iska ta tara musu rairayi da iri, gara ta shiga ta huda ƙasa, kafin damina biyu ciyawa ta fito.

Sanyin ma, da na ɗauka shi zai kori rai, ashe taimakonsa yake yi. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe iskar shaƙa, kuma koren nan da ke hana gani yawancinsa ƙananan tsirrai ne da ido ba ya rarrabewa, su ne tuwon duk abin da ke wurin. Ciyawar nan mai kama da rawani ma ba ta son ruwan ɗumi. A wannan gaɓar ta Bretagne ne katafaren jirgin mai Amoco Cadiz ya daki duwatsu kusa da ƙauyen Portsall ranar 16 ga Maris 1978, ya amayar da ɗanyen mai sama da tan 200,000, ya ɓata gaɓa fiye da kilomita 300, tsuntsaye suka mutu dubbai. Yau gawarsa na kwance a zurfin wajen mita 30, ciyawa ta rufe ta, masu nutso na kai mata ziyara. Ɗalibina ya ce shi bai isa zuwa can ba tukuna, takardarsa ta matakin farko mita 20 ta ba shi, shi ma sai da jagora.

Wani ya tambaya, da jirgin na itace ne fa? Na ce a yawancin tekuna akwai wata tsutsa da ke cin itace kamar yadda gara ke yi mana, amma inda ba ta iya zama itace na daɗewa. Jirgin yaƙin Siwidin mai suna Vasa ya nitse a 1628 a ruwan Stockholm mai sanyi da ƙarancin gishiri, aka ɗago shi a 1961 kusan yadda yake. Na kuma ba su labarin wanda ya fi kusa da mu, kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, a zurfin mita 5. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, ba a san jirgin da ya girme shi ba a Afirka. Laka mai ruwa ce ta toshe masa iska ta adana shi. Yara suka ce to mu ma a haƙa mana, wataƙila namu yana ƙasa.

Ana cikin wannan dariya ne wani yaro daga baya ya ce, "Ai mu ma muna da namu jirgin, Mushe." Na ga na kusa da shi ya taka masa ƙafa. Aji ya yi tsit. Sai da na yi alkawari ba wanda zan daka, ba kuma uban da zan kai wa ƙara, sannan magana ta fito.

Bayan gari akwai tabki, asalinsa ramin ɗibar ƙasar tubali ne, shekara da shekaru ana haƙa har ya zama abin da ya zama. In damina ta zauna yakan cika, ya riƙe ruwa har bayan girbi. A can tsakiyarsa akwai wata tsohuwar amalanken shanu ta ƙarfe da aka yasar, kwance a karkace. Duk rani muna wuce ta, awaki na hawa kanta, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Da damina ruwa na rufe ta da abin da bai wuce mita 2 ba. Ita ce jirginsu. Yara maza na nutso su taɓo ta, su ɗebo laka daga gindinta su nuna shaida, wanda kuma ya kutsa ta ƙarƙashinta ya ɓullo ɗaya gefen shi ne gwani. Suka shiga ba ni labarin mazaunanta da zumuɗi irin wanda na ji a saƙon ɗan Brest: kwaɗi da talibambam, matsattsakun da ke manne da ƙarfen, kififiyar da ta mai da tayar ɗakinta, da wata tarwaɗa da wani ya rantse ya taɓa gashin bakinta. Suka ce can ƙasa ruwan da sanyi, ko da na sama ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Na ce wa ya taɓa zuwa? Hannu goma sha ɗaya suka tashi.

Cikina ya ɗuri ruwa. A tabkin nan ne, shekara takwas kafin nan, ruwa ya ci wani ɗalibina ana cikin hutun damina. Yaro ne mai kai, wata biyu kafin rasuwarsa ya kawo mini sunayen tekuna biyar ba kuskure. Abokansa suna wurin, ba su ji ihu ba, don wanda ruwa ke ci ba ya samun bakin ihu. Sun ɗauka wasa yake yi, yana son ya fi kowa daɗewa. Da suka farga suka watse da gudu, wasu gida suka shige suka ɓuya don tsoron duka, aka ɓata lokaci kafin manya su ji. Da aka fito da shi aka kifa shi a kan turmi ana danna bayansa wai ruwa ya fita. Ina tsaye a wurin, da takardar shaidata ta malanta, ban san abin da ya fi haka ba. A zaman makoki aka ce tabkin yana da masu shi, duk 'yan shekaru sai sun karɓi rabonsu. Ba wanda ya ambaci amalanke. Mutumin da ya fito da yaron ya riga mu gidan gaskiya, ba ni da wanda zan tambaya a ina ya same shi.

Daren nan na aika wa ɗan Brest da saƙon murya. Na ce ya gaya mini gaskiya, mita 12 ai ba wani zurfi ba ne, rijiyar unguwarmu ta ninka shi uku, duk wannan shiri na mene ne? Ya ce, "Mushe, sai da na yi wata huɗu a tabkin siminti mai ruwa garau ana koya mini kafin a bar ni in taɓa teku." Abu na farko da aka cusa musu, in ji shi, kada su raina ruwa don ba shi da zurfi. Kowace mita 10 ruwa na ƙara wa jiki nauyi kwatankwacin na dukan iskar da ke kanmu. A mita 10 ke nan matsi ya ninka biyu, tukunya na ƙarewa da sauri ninki biyu, kuma wanda ya shaƙi iskarta a can ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura a huhunsa ta yaga shi. Masu karatu na Najeriya za su tuna Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife ranar 26 ga Mayu 2013 a tekun da ke gaban Neja Delta. Mutum 12 ne a ciki, shi kaɗai ya rayu, cikin ɗan lungun da iska ta maƙale, a zurfin wajen mita 30, kusan awa 60 cikin duhu da sanyi. Masu nutson da aka tura ɗebo gawawwaki ne suka ci karo da hannu mai motsi. Ko da suka same shi ba su yi sama da shi kai tsaye ba, da sun kashe shi. Sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin da ake rage matsi sannu a hankali. Daga baya shi ma ya koyi aikin nutso.

Wannan na masu goyon tukunya ne, yaranmu da numfashin ƙirjinsu suke shiga. Amma sauran dokokin da ya lissafo mini kamar tabkinmu aka duba aka rubuta su. Ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa, idon wannan a kan wancan. Ba a shiga ƙarƙashin abin da zai raba ka da sama komai faɗin ƙofar, don ƙafa ɗaya in ta tayar da laka ruwa ya zama kunu, ka rasa gaba ka rasa baya. Kufan jirgi na tara tsofaffin raga da zaren kamun kifi, shi ya sa suke ɗaure da wuƙa. In ka fara rawar ɗari an gama, sai a fita, domin sanyi yatsu yake fara kashewa, sannan ya taɓa tunani. Da na gaya masa yaranmu kan yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin su nutsa don su daɗe, sai muryarsa ta canza. Ya ce wannan ya fi duka muni, yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki lokacin fitowa ya yi, sai mutum ya suma a ƙasa bai ji komai ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Mushe, ni ma na taɓa amalanken nan. Sau biyu."

Akwai mutum ɗaya a garin nan da nutso sana'arsa ce, dattijon da ke shiga rijiya in guga ya faɗa ko in za a yi yasa. Na kai masa wayar ƙofar gidansa bayan la'asar. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce in mayar masa wajen da suke bin igiya. Ya ce, "Malam, waɗannan sun san ruwa." Na ce, "Baba, ta yaya ka gane?" Ya ce ba wanda ya yi gaggawa, kuma kowa na waiwayen ɗan'uwansa. Shi ma, in ji shi, shekara arba'in bai taɓa sauka ba sai da igiya a ƙugu da mutum biyu a baki waɗanda ya yarda da su. Rijiyar da ta daɗe a rufe sai ya zura fitila tukuna, in ta mutu ba ya shiga, iskar ciki ta ɓaci. Abin da ya fi nanatawa shi ne in wani ya faɗa kada na biyu ya bi shi haka nan, sau nawa aka fitar da gawa biyu ko uku inda da ɗaya ce. Na tambaye shi batun masu tabki. Ya yi murmushi ya ce shi bai musa wa kowa ba, amma duk wanda ya taɓa fitarwa daga ruwa ya ga abin da ya riƙe shi, laka ce ko ƙaya ko igiya. Na ce, "Baba, wa ka koya wa wannan?" Ya ce, "Wa ya kawo mini ɗansa?"

Iyaye, a nan nake son mu ɗan tsaya. Abin da muke ba 'ya'yanmu game da ruwa tsoro ne da bulala, kuma na san daga so abin ya fito. Akwai ma ƙarin dalili, don ruwan tabki na kawo tsargiya, duk malami ya ga yaron da ke fitsarin jini bayan damina. Amma masu hannu goma sha ɗayan nan duk an hana su, da yawansu an dake su, sun kuma je. Hanin bai tsare su daga ruwa ba, daga gare mu ya tsare su: ba su gaya mana wasan da suke yi ba, kuma ranar da abu ya faru tsoron bulala ne ya cinye mintocin da da an ceci rai da su. Mutanen Brest ba su fi mu son 'ya'yansu ba, ruwansu kuma ya fi namu sanyi da zurfi. Zama suka yi suka ƙirga hatsarin ɗaya bayan ɗaya, suka yi wa kowanne doka, suka koya wa yaro a inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, sannan suka bar shi ya je ya ga abin da muka gani a wayata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ruwa ya ci mutum 300,000 a duniya cikin 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce kan gaba. A wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ranar faɗakarwa kan haka. Ranar ta faɗo daidai lokacin da tabkunanmu suka cika makarantu kuma suke rufe, don haka, abokaina malamai, namu darasin a Afrilu ko Mayu ya kamata a yi shi.

Mu a Afrilu muka yi, tabki ya ƙafe ƙasa ta tsattsage. Na kwashi ajin muka sauka cikinsa da igiya mai ƙulli a kowace mita, muka auna shi muka zana, yadda masu nutso ke zana kufan jirgi. Muka samu ramuka uku masu tsaye-tsayen baki da masu tubali suka bari, inda taku ɗaya zai kai yaro daga ruwan gwiwa zuwa wanda ya shanye kansa. Muka samu ƙayar shinge da ruwa ya kwaso, da tsohuwar waya, da ita kanta amalanken, muka ga tsinin ƙarfen da ke ƙarƙashinta daidai inda gwanaye ke kutsawa. Taswirar tana bangon aji. A filin makaranta muka koyi miƙa gora mai tsawo mutum yana kwance ruf da ciki, da jefa jarka mara komai ɗaure da igiya, da cewa ɗaya ya tsaya yana nuna wurin ɗaya ya ruga kiran manya. Wani ma'aikacin lafiya ya zo ya nuna mana hura numfashi a baki da danna ƙirji, ya ce a bar turmi ga masu daka. A taron iyaye na roƙi abu ɗaya, duk yaron da ya kawo labarin wani na cikin ruwa kada a dake shi ko da jikinsa a jiƙe yake. An yarda, bayan doguwar muhawara. Wani uba ya ce ƙofa na buɗe musu, yanzu za su shiga da ƙarfin gwiwa. Ban raina maganarsa ba, ni ma tana damuna.

Amalanken kuwa, da izinin maigari, shanu biyu suka jawo ta waje. Yara maza suka yi kwana uku suna ɗaure mini fuska. Yarinyar nan mai kufai ta tambaya ina kififiya za ta koma, sai muka cire tayar muka ajiye mata can gefe inda ruwa ba ya wuce gwiwa. Jarkar farko da muka rataya a bishiyar bakin tabki ba ta yi mako ba aka ɗauke. Ta biyu muka narke murfinta da ƙarfe mai zafi, ba ta da amfanin ɗibar ruwa, tana nan har yau. Damina ta wuce ba a jefa ta ba ko sau ɗaya, amma an gaya mini manyan yaran sun gano wani ramin a hanyar gona, ranar Asabar za mu je da igiyar awo.

Ɗan Brest zai zo gida cikin Agusta. Ya ce akwai otal a Maraɗi mai tabkin siminti, zai kai ni ya koya mini ko da kwanciya a kan ruwa ce. Na ce masa a wannan shekarun? Ya ce, "Mushe, ka dai nemi gajeren wando." Na sayo shi a kasuwar Tasawa, yana cikin akwati. Uwargida ta gani ta tambaye ni na wane ne, ban ba ta amsa ba tukuna.